Bangon Ɗakin Dije

Tun da na dawo daga Nijar, mutanen majalisarmu ba su bar ni na huta ba. Wannan ya ce yaya hanya, wancan ya ce ina tsarabar kilishi, wani kuma so yake in gaya masa ko gaskiya ne masu kashe gobara a can sojoji ne. Na gaji da amsawa guntu-guntu, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya. Wanda ya karanta, don Allah kada ya ƙara tambayata. Ba yawon buɗe ido na je ba. Gaisuwar mutuwa na je, kuma ban dawo da daɗin rai ba.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Umaru. Shekara talatin da ɗaya na yi ina aikin kwana-kwana a Sakkwato kafin in ajiye. Yayata ɗaya ce a duniya, Yaya Kulu, wadda aure ya kai Badagishiri tun ina firamare. Mijinta, Alhaji Mahamman, fataucin albasa yake yi, daga baya ya haɗa da sayar da fetur na jarka. 'Yarsu ta fari, Dije, tela ce. Mijin Dije ya tafi bida, wato ci-rani, Abijan, sai ta dawo gidan ubanta da 'yan matanta biyu tana ɗinkinta. Ita ce gobara ta ci da rana tsaka, ran kasuwa. Kafin labari ya iso ni ta waya, an riga an rufe ta.

Matata ta ɗaure mini goro da turmin atamfa in kai wa Yaya. Ni kuwa na shiga kasuwa na sayo tukunyar kashe gobara guda biyu, jajaye, masu hoda a ciki. Da ta ga ina cusa su a buhu sai ta ce, "Ihu bayan hari." Na ce mata akwai sauran masu rai a gidan.

Daga Sakkwato zuwa Illela ba abin faɗi, sai ramuka da shingaye. Ku lura, Illela biyu ce. Akwai tamu ta bakin iyaka, akwai kuma ta can ciki, wadda Badagishiri ke ƙarƙashinta. A ɓangarenmu na iyaka an dube ni an dubi furfurata an ce in wuce. A ɗaya ɓangaren ne wani mai kaki, wanda a haife na haife shi, ya taɓa buhuna da ƙafa ya ji ƙarfe.

"Baba, mi kaɗ ɗauko cikin buhun ga?"

Na kwance na nuna masa. Ya ja da baya taku biyu. Ban ga laifinsa ba, zamanin da muke ciki tsoho da tukwanen ƙarfe biyu a buhu abin a tsaya a duba ne. Na ciro tsohon katina na aiki, ya jujjuya shi, ya ce shi bai san wannan ba.

"In da gaske hoda ta ciki, matsa mu gani."

Na yi masa bayani cewa irin wannan tukunyar in an taɓa ta sau ɗaya iskar cikinta sulalewa take yi, ta tashi daga aiki. Ya ce to, sai ta kwana a nan, ni ma in ina so in taya ta kwana. Na zare fil, na saita ƙasa, na matsa. Daidai nan iska ta juya. Hodar ta turnuƙe, ta wanke masa takalma da wando, ta zarce kan farantin wata mata mai ƙosai da ke gefe. Abokan aikinsa suka fashe da dariya, matar ta ɗora hannu a ka tana kiran sunan Allah da na kakannina. Na biya ta ƙosanta, mai kaki ya kaɗe wandonsa ya ce, "Wuce, Baba, mun gani." Haka na shiga Nijar da tukunya ɗaya. Fankon ɗayar kuwa wani mai faci ya roƙa na ba shi.

Saboda wannan jan rai, kafin in isa tashar Konni motocin arewa sun tashi. Dole na kwana. Konni gari ne da Basakkwace ba ya jin baƙunta a ciki, maganarsu tamu ce, sai dai sun yayyafa mata Faransanci kamar yaji. Fetur a wurinsu isansi ne, jarka bido, ofis buro. Biredinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, mai ɓawo, in ka ciza sai dasashi ya yi ƙara. Amma furarsu ta fi tamu, wannan na yarda ko da za ku ji haushi. Na ci dambun zogale, wanda suke kira tamaka, da yaji mai sa gumi.

Abin da ya hana ni jin daɗin abincin shi ne inda nake cin sa. Teburin mai shayi ne, wutar gawayinsa na ci, kuma taku uku daga nan wani ya jera kwalaben fetur a kan katako yana ɗurawa daga jarka da mazurari. Ba zan yi musu gori ba, haka muke a bakin kowace tasha tamu. A teburin nan na haɗu da wani saurayi ɗan kashe gobara, su pompiye suke cewa. Kuma gaskiya ne, soja ne, da askinsa da takalminsa. Da ya ji aikin da na yi sai ya miƙe ya sara mini, abin da ban samu a gida ba ranar da na ajiye aiki. Na tambaye shi yaya aiki.

"Baba, ba a kiranmu sai an gama gwada bokiti. In munka iso kuma, a ce mun makara, wani lokaci har da jifa."

Na ce masa ashe uwarmu ɗaya.

Masaukin da na samu wani gidan baƙi ne bayan tasha, ɗakuna takwas a jere, kowace taga da ƙarfe, ƙofar fita ɗaya tal. Bayan isha'i mai kula da gidan ya ɗauko sarƙa da kwaɗo, ya ce in akwai mai son fita ya fita yanzu, don shi zai kulle ta waje ya tafi gida.

Na ce, "In wuta ta tashi fa?"

Ya ce, "Allah shi kiyaye."

Na ce, "Amin. Makullin fa?"

Ya dube ni kamar na zagi ubansa, ya ce shekara tara yana haka ba abin da ya faru. Na ɗauko tabarma na shimfiɗa a tsakar gida kusa da katanga mafi gajarta, na yi matashi da tukunyata. Sauro ya yi biki a kaina.

Da safe na sami a-kori-kura, su bashe suke ce mata, mai zuwa Badagishiri. Direban, wani siriri mai suna Sallau, ya rantse kai tsaye za shi. Ashe kai tsayensa ta Malbaza ya bi, yana da siminti da zai ɗauka. Malbaza garin siminti ne, manyan motoci sun yi layi a bakin hanya, direbobi na kwance ƙarƙashinsu, ganyen itatuwa ya yi fari kamar an shafa masa alli. Awa uku muka yi a nan. Muna cin gasasshen nama a inuwa, ni da wata 'yar kasuwa mai kaifin baki, Hajiya Ta-Allah, aka yi lodi ban gani ba. Da na dawo na tarar an danne buhuna a can ƙasa, an jera siminti a kai, an ɗaure akuya a sama. Na ce a fito mini da tukunyata ta zauna kusa da hannu. Sallau ya ce shi ba zai sauke lodi don kwalbar tsoho ba, ai yana da tasa, ya nuna mini wata ja a bayan kujera.

Mun miƙa arewa, mun yi nisa, muna cikin ƙasar Tajaye, sai hancina ya ɗauki warin da ya sani: fetur da roba mai ƙuna. Na buga rufin mota na ce ya tsaya, kowa ya sauka. Hayaƙi na fitowa ta gefen bonet. Na yi masa tsawa kada ya buɗe, amma ina, ya riga ya ɗaga shi sama. Wutar da ke noƙe tana neman iska ta samu, ta miƙe ta lashe masa gira. Na fizgo tukunyarsa na matsa. Ko tsaki ba ta yi ba.

"Wagga ta nuna ma jandarma ce," in ji shi, yana tsalle yana riƙe da fuska.

Wani fasinja ya taho da jarkar ruwa, na tare shi da ƙirji. Na ce ƙasa, kowa ya ɗebo ƙasa. Hajiya Ta-Allah ta zubar da goronta ta miƙo faranti, maza suka cika huluna, muka yi ta watsawa a gindin wutar, ba a harshenta ba. Na naɗe hannu da rawani na cire kan batir. Kafin a karanta Fatiha uku ta mutu.

Kun san abin da Sallau ya ce? Ya leƙa injinsa, ya juyo yana huci, wai na cika masa mota da yashi, wa zai wanke? Ni na saba da irin wannan. Hajiya ce ta amsa.

"Kai, ɗan banza, da ba don tsohon ga ba da yanzu toka kaka tarawa. Rufe muna baki."

Motar dai ba ta ƙara tashi ranar ba. Wani ƙauye na kusa, muka taka. Wani dattijo, Baba Alhassan, ya sauke ni a zaurensa, aka kawo tuwon gero da miyar guro, wato kuɓewa, da nono mai sanyi daga wajen maƙwabtansu makiyaya. Ƙauyen duk tsofaffi ne da mata da yara, samari sun tafi bida.

Kafin magariba ya zaga da ni, kuma a nan na ga abin da ya ba ni kunya. Rumbunansu na ƙasa suna bayan gari, ba wanda ya jingina da wani, an share ƙasar da ke tsakaninsu tas, ko tsinke babu. A bakin kowane lungu an jingine doguwar gora mai ƙugiyar ƙarfe a kai. Na tambayi amfaninta, ko da na riga na gane.

Ya ce, "In wuta tat tashi, ba mu bin ta. Gabanta muka zuwa, inda iska ka kai ta, mu jawo darni da jinkan maƙwabci ƙasa. In taz zo ta iske babu abinci, sai ta kwanta."

Na ce, "Mai jinkan ba ya faɗa?"

"Shi yi faɗa da wa? Gobe gayya za a yi a ɗora mai sabo. Wanda yah hana a taɓa nashi, shi ka biyan na kowa."

Ya ce ruwa kuwa ba sa ma tunaninsa, rijiyarsu gaba ashirin ce, wanda za a sha ma da ƙyar. Mata ke ɗebo rairayi a ƙwarya. Yanzu da babu samari, su ne ma ke riƙe gorar. Na tambaye shi, in akwai mutum a cikin ɗaki fa? Ya yi mini kallon wanda ya yi tambayar yara.

"Ƙofa ta wuta ce, Malam. Baya muka hudawa."

Wannan tsohon bai taɓa shiga aji ba. Abin da aka tara mu a Legas aka koya mana da allo da majigi, shi ya gada wurin kakarsa. Muddin gini na kara da laka ne, mutane sun san yadda za su yi da wuta. Da muka sami bulo da ƙarfe da fetur, sai muka bar wancan sanin a ƙauye, ba mu kuma ɗauki wani ba.

Washegari aka tono mini buhuna daga ƙarƙashin siminti, na hau kabu-kabu, tukunya a cinya, har Badagishiri. Gari ne a cikin kwari, garake, wato lambuna, kore shar ko'ina, warin albasa na tarbarka tun daga nesa. Ban tambayi gidan ba. Baƙin bango ya nuna mini.

Shekara goma sha ɗaya rabona da Yaya Kulu. Na tarar da wata 'yar tsohuwa a kan tabarma, idanu sun faɗa, mata kewaye da ita. Ta kama hannuna ta ce, "Ummaru, ka zo." 'Yan matan Dije, Rakiya da Zinatu, suna jingine da ita. Suna lakwal, wato makaranta, lokacin da abin ya faru. Matan suka ce mini tun ranar ba ta sa komai a bakinta ba sai ruwa, barci kuwa babu. Alhaji Mahamman ya karɓe ni da mutunci a ƙofar gida, ya rame shi ma, carbi a hannu.

Wanda ya ba ni labarin yadda aka yi maƙwabcinsu ne na baya, Illa, mai aikin garka. Ya kai ni wurin. Ɗaki biyu ne, ciki da falo. A falon Alhaji ke ajiye jarkokin fetur, a ƙuryar Dije ke ɗinki, kuma ba hanyar fita daga ƙurya sai ta falo. Ba wanda ya san abin da ya kunna ta. An dai ce akwai dutsen guga na gawayi da aka ajiye a bakin ƙofa yana ruruwa. Ni na san tururin fetur, ba ya tashi sama, rarrafe yake yi a ƙasa kamar maciji har ya sami wuta.

Illa ya ce da aka yi kururuwa kasuwa ta watse, mutum ya fi ɗari a ƙofar gidan. Aka yi layi daga rijiya ana miƙa bokiti. Duk bokitin da aka watsa, sai wutar ta hau kan ruwan ta bi shi. Ruwan ne ya ɗauke ta ya shigar da ita ta ƙarƙashin ƙofar ƙurya. Wasu suka koma taga, amma Alhaji ya sa an yi mata ƙarfe mai kauri bayan wata sata da aka yi masa, an dasa shi cikin siminti. Suka ɗaura igiya suka ja, suka sa taɓarya, ko motsi.

"Tana magana da mu, Malam. Ta tagar ga. Ta riƙe hannuna tana cewa, Baba Illa ku yi hanzari. Tun tana faɗi da ƙarfi har ta koma tari. Daga nan hannun ya saki."

Motar pompiye ta iso daga nesa bayan la'asar. Su ne suka hana ta cin gidajen maƙwabta. Ba ni da abin cewa a kansu, na san abin da hanya take yi wa mota mai ɗauke da ruwa.

Da na tsaya a nan, da na dawo da baƙin ciki irin na kowa. Amma hali zanen dutse. Duk inda aka yi gobara sai na zaga ginin, haka aka koya mini. Na bi ta lungu na koma baya, Illa na bina. Gaban ginin bulo ne, an yi masa shafe da fenti saboda idon mutane. Bangon baya kuwa tsohon ginin ƙasa ne, tubali ɗaya, damina ta riga ta cinye gindinsa. Na tsinci wani guntun rodi a ƙasa na soka. Sau huɗu na buga. A na huɗu rodin ya faɗa ciki, haske ya ratsa, na hango ƙafar keken ɗinkinta.

Na juyo. Illa na kallon ramin. Ƙofar zaurensa tana bayanmu, taku biyar.

Ya ce, "Diga biyu gare ni cikin zauren ga. Da su nike ginar rijiyar garka."

Sai ya zauna a ƙasa, a cikin lungun, kamar an zare masa ƙashi. Na ce masa ba laifinsa ba ne, ba wanda ya taɓa gaya masa, kuma a irin wannan lokaci ido inda wuta take yake tafiya. Bai ji ni ba. Ya ce, "Ni nif fi kowa ɗibar ruwa ranan."

Ni ma ina da nawa. Na daɗe da sanin Alhaji na ajiye fetur a gida, Yaya ta taɓa faɗa mini a waya tana dariya, wai tuwonsu har warinsa yake yi. Na yi shekara talatin ina wa baƙi wa'azin wuta a kasuwanni da makarantu, amma ban buɗe baki na gaya wa mijin yayata ba, don kada a ce ƙanin mata ya yi rashin kunya.

Bayan sadakar bakwai, da mutane suka ragu, na ga an fara sauke bulo da yashi a ƙofar gida. Na sami Alhaji shi kaɗai a zaure. Na kawo tukunyar na ajiye a gabansa, na nuna masa yadda ake zare fil, a saita gindin wuta, a yi shara da ita hagu da dama. Ya yi godiya, ya sa aka kai ta ɗakinsa aka kulle a kabad kada a sace. Na haɗiye wannan. Na ce masa, Alhaji, tunda gini za a sake, a fitar da fetur daga gidan nan, a yi masa rumfa can bayan gari. A yi wa ƙurya ƙofa ta baya. Ƙarfen taga a yi shi mai buɗewa ta ciki. A ajiye rabin ganga biyu na yashi a tsakar gida.

Ya ce, "Ƙofa biyu, ɓarawo biyu ke nan. Rumfa bayan gari kuwa, wa za ya kwana gadinta?"

Na ce dukiya ana mayar da ita.

Ya ce, "Ummaru, kwananta ya ƙare. Ko cikin rijiya take ranan, wutar ga sai ta iske ta. Ko jayayya kaka yi da ƙaddara?"

Na ce, "Ban isa ba. Amma ƙaddara ba ta hana ka sa ƙarfe don ɓarawo ba."

Fuskarsa ta canza. Na zaci zai kore ni. Sai ya ci gaba da jan carbinsa, can ya ce in bar shi ya kwana da maganar. Na ga alamar ta shige shi. Na ƙudura da safe zan kama hannunsa in kai shi lungu ya ga ramin nan da idonsa, ko da zai tsane ni har abada.

Da la'asar ɗin nan Yaya Kulu ta aiko a kira ni. Ta sallami matan da ke wurinta. Ta ce in matso kusa.

"Ummaru, ni nif fara watsa ruwa. Ni nic ce a kawo bokiti. Wata mata ta ce wai ruwan ne yak kai mata wutar." Ta riƙe wuyan hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba. "Kai ka san wuta. Kada ka ɓoye min. Da kana nan, da ka hidda ta?"

Na dubi matar da ta goya ni. Kwana bakwai ba ta ci ba. Na san in na faɗi gaskiya, kafin arba'in za a yi wata jana'izar a gidan.

Na ce, "Yaya, ko mu goma ne da motarmu a ƙofar gidan nan, ba mu iya fitar da ita. Wutar fetur ba ta da magani. Da ruwa da babu ruwa, duk ɗaya ne."

Ta saki hannuna, ta fashe da kuka irin wanda ba ta yi ba tun ranar. Da ta gama ta ce a kawo mata fura. Ta sha rabin kwano a gabana. Da na ɗaga labule zan fita, sai ga Alhaji tsaye a bakin ƙofa. Ya ji komai.

Da safe magina suka zo da mai walda. Na tarar da Alhaji a tsakiyarsu yana nuni da sanda. Da ya gan ni ya ɗaga murya.

"Ga mai sana'ar nan, shekara talatin yana kashin wuta. Da bakinai ya ce ba abin da za a iya. Ku mayar da shi yadda yake. Bangon baya ma ku rushe shi, ku sa bulo, na gaji da laka."

Na ja shi gefe. Na ce masa abin da na gaya wa Yaya jiya na faɗa ne don ta ci abinci. Na ce ya zo lungu in nuna masa wani abu.

Ya zare hannunsa daga nawa. "Jiya ka faɗi ma yayarka magana, yau ka zo min da wata. Wace ce gaskiyar? In ta yau ce, taho mu tai gabanta ka maimaita."

Na dubi ƙofar ɗakinta. Tana zaune a bakin ƙofa tana yi wa Zinatu kitso, karo na farko da ta fito tsakar gida. Na kasa ɗaga ƙafa. Alhaji ya jira ni kaɗan, sannan ya koma wurin maginansa. Kafin azahar sun tura bangon ƙasar nan da hannu, mutum uku, ko diga ba su nema ba. Illa na tsaye a ƙofar zaurensa yana kallo, muka haɗa ido, kowa ya kawar da kai.

Na tambayi babban maginin wa zai zauna a ɗakin in an gama. Ya ce ƙurya ta Hajiya Kulu ce da jikokinta, falo kuwa na kayan Alhaji.

Kwana biyu na ƙara na yi sallama. Na roƙi Yaya ta ba ni 'yan matan in tafi da su Sakkwato su yi karatu, ta ce su ne idonta yanzu, in bar mata. Ta rako ni har bakin hanya tana sa mini albarka, wai na sauke mata dutse daga ƙirji. Hanyar dawowa lafiya lau, mota ba ta lalace ba, a iyaka ma ba wanda ya taɓa jakata.

Ran Juma'ar da ta wuce ta kira ni a waya, muryarta ta dawo. Ta ce an gama gini sun tare, ita da Rakiya da Zinatu. Ta ce in ga ɗakin, ya yi kyau ya yi ƙarfi, ko ɓera ba ya samun hanyar shiga.

Na ce Allah ya sa albarka.